Babur Mai Ƙara

Zuwa ga Birki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki da sauƙi. Yaya ƙarfin jiki? Yaya hannun, yaya ƙafar? Yaya Auta da maigidanta, da jikokin nan namu masu hana mutum barcin rana? In kin tambaye ni, lafiyata ƙalau, sai dai kewa, ita kuwa na leƙa kemis ɗin bakin titi sun ce ba su da maganinta.

Na san za ki ce tsohon nan ya fara ruɗewa, wa ke rubuta wasiƙa a zamanin nan? To, ke kika jawo. Duk sanda na kira, Auta ce ke ɗauka, ta ce kina barci, ko kina wanka, ko yanzun nan kika sha magani. Ni kuwa ina jiyo tarinki a kusa da ita. Shekara da shekaru ina kwana ina tashi da tarin nan, ko a tsakiyar kasuwa na ji shi zan gane. Ban yi fushi ba. Na san tun da ciwon nan ya taɓa miki ɓarin dama, harshe ya yi nauyi, ba kya son kowa ya ji muryarki. Amma Auta ta ce idanu garau suke, har 'yar takardar cikin kwalin magani kina karantawa. Shi ya sa na sayo biro da takarda. Direban motar da ke bi ta garinsu ya yi mini alkawarin kawo miki hannu da hannu.

Gida yana nan yadda kika bar shi, in ban da tukunyar nan mai murfin gilashi da na ƙona mata gindi. Shukokinki na baranda ina ba su ruwa safe da yamma. Ta kusa da taga ta yi fure, sauran kuwa sun sunkuyar da kai, ina jin sun gane ba hannunki ba ne. Tela maƙwabcinmu kullum sai ya tambaye ki, kullum kuma sai ya zauna a kujerarki ya shanye mini shayi.

Ga labarin da ya sa na ɗauki biro. An ɗauke ni daga matatar ruwa ta cikin gari an mayar da ni sabuwar tashar famfo ta bakin dam. I, dam ɗinmu. Sai na hau mota biyu, sannan na taka sauran da ƙafa, na iso ina haki, manaja yana duban agogonsa yana dubana. Yaron kirki ne, ba ya cewa komai, amma da wannan kallon gara ya yi faɗan. Shekarun da suka rage mini kafin ritaya ba su da yawa, ba na son in ƙarasa su da sunan makararre.

Don haka na yanke shawarar sayen babur. Ba ƙarami ba, babba nake nufi, irin mai ƙaton injin nan da ke haye tudu bai san ya hau ba. Daga nan ina hango yadda kika ɗage gira. Ki sauke ta, ki bari in gama.

Kin tuna Ɗan Akuya, ƙaramin babur ɗinmu na farko? Jiya a cikin mota muka zo tudun nan na kafin dam, sai na kama dariya ni kaɗai har na kusa da ni ya matsa. A nan ne kullum yake fara kuka, ya yi tari, ya mutu. Ki sauka, ki riƙe kwandon shayi da lemo, ni in tura, ke kina biye kina cewa da ma jaki muka saya da ya fi mana mutunci. In mun kai ƙoli in cire filogi in goge da gefen riga, in doka kik har gumi ya jiƙa ni, sannan ya ga dama ya tashi. Duk da haka babu Asabar ɗin da ta wuce mu. Mu shimfiɗa tsohon bargon nan a gindin bishiya, ki cire takalma ki tsoma ƙafa a ruwa, ni in yi ta yi miki bayanin yadda ake tace ruwa, ke kuma ki yi barci.

Takalma ma suka tuno mini. Muna sabon aure, salansar Ɗan Akuya ta fashe, ƙararsa sai ka ce injin niƙa. Muna gangarowa kika ƙwalla murya kika ce, “Takalmina!” Ni kuma na ji, “Taka mana!” Na ce a raina, ashe amaryar nan tawa jaruma ce. Na murɗe totur har ƙarshe. Kina ƙara ihu ina ƙara wuta. Haka muka iso gida ƙafarki ɗaya da takalmi ɗaya babu, kika yi kwanaki ba kya ko kallona.

Daga ranar muka daina magana da baki a kan babur. Ke kika tsara dokar. Hannun hagu ya riƙe ƙarfen baya, na dama shi ne bakinki. Ƙwanƙwasa ɗaya a bayana, rage wuta. Biyu, tsaya. In kuwa kika shimfiɗa tafin hannu a tsakiyar bayana, wato ci gaba, kada ka tsaya, ina jin daɗi. Gaskiya ƙwanƙwasar ta fi yawa, har bayana ya yi kanta, shi ya sa na raɗa miki Birki, ke kuma kika rama da Totur. Kullum karin maganarki ɗaya, wai sannu ba ta hana zuwa. Tafin hannun kuwa sai an yi sa'a. Wanda ba na mantawa shi ne ranar da muka dawo daga asibiti likita ya ce kina ɗauke da cikin Auta, bayan mun riga mun fid da rai. Na rage wuta zan shiga layinmu, sai na ji tafin hannunki, da ɗumi, a tsakiyar bayana. Muka wuce ƙofar gidanmu kamar ba namu ba, muka yi ta tafiya har mai ya kusa ƙarewa.

Ranar da na sayar da Ɗan Akuya, saboda yara sun yi yawa sai mota, ke kika fi ni ɓata rai, ko da yake har yau ba ki yarda ba. Motar ma ga shi ta tafi tun tuni.

Ba zan ɓoye miki ba, zuwa aiki rabin dalili ne. Sauran rabin, ina son babur mai mazaunin mutum biyu. Ranar Asabar zan je shagon babura in duba, duk abin da na gani zan rubuto miki. Ba zan saya ba sai da shawararki, don tun da muke ko bokiti ban taɓa saya ba ba ki sa baki ba.

Ki gaishe mini da Auta da mutanen gidan. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Naki har kullum,
Totur


Zuwa ga Birki,

Sallama da gaisuwa irin ta wanda ya daɗe bai ga nasa ba. Yaya kwanan jiki? Ina fata ana samun barci, kuma kina cin abinci ba sai an yi ta lallashi ba. Yaya yaran? Nan ma lafiya, sai ruwan sama da ya kwana biyu yana yi, har ɗakin ajiya ya fara yoyo a inda kika sha gaya mini in gyara.

Direba ya ce ya ba ki takardata, kin karɓa da hagu kin sa ƙarƙashin matashi. Amsa dai ban gani ba. Ba komai, na saba yin bayani kina barci.

Na je shagon. Mai shagon wani ne da ake kira Zuma, kuma wanda ya sa masa sunan bai yi ƙarya ba, don zai iya sayar wa kifi ruwa. Da ya ga furfurata sai ya ja ni wajen ƙananan babura, yana cewa, “Baba, ga daidai kai, ba ya cin mai, ba ya ba da wahala.” Na ce masa na tura ƙaramin babur a tudu tun kafin a haife shi, na gama wannan makarantar. Sai ya yi dariya ya buɗe ɗakin ciki.

Uku ya nuna mini. Na farko ja ne wur, irin na samarin nan masu kwanciya a kan tanki kamar sun yi laifi. Mazauninsa na baya bai fi faranti ba, ga shi can sama. Na ce wannan ai sai wanda ya tsani matarsa. Ko hawa ban yi ba.

Na biyu baƙi ne, mai silinda huɗu. Birki, da za ki ji shi! Ya tayar da shi a gabana, sai da na dafa tanki na tabbatar yana aiki. Keken ɗinkin Tela ma ya fi shi surutu. Mazauni mai faɗi da taushi, gilashi a gaba yana tare iska, ga akwati a kowane gefe, kwandonki da bargo duk za su shige. Na zagaya da shi bayan shagon, giya tana shiga kamar ana yanka sabulu. Nauyi dai akwai shi, sai da Zuma ya taimaka mini na ɗora shi a kan ƙafarsa.

Na uku ruwan toka ne, mai silinda biyu, an ɗan hau shi amma yana da tsabta. Ya fi baƙin ƙasa-ƙasa, ƙafafuna duka biyu suna taka ƙasa sosai, kuma wanda zai hau baya ba sai ya ɗaga ƙafa da yawa ba. Matsalarsa ɗaya, baki. Da aka tayar da shi sai da kwanon rufin shagon ya amsa. Gurnani yake daga ciki, kana ji har a haƙarƙarinka. Na ce wannan ai Ɗan Akuya ne ya girma ya zama bijimi. Zuma ya ce haka aka ƙera shi, ba lalacewa ba ce, wasu ma don ƙarar suke sayensa.

Raina ya kwanta da baƙin, kuma bari in gaya miki dalili. Kin san injinan famfo sun daɗe da cinye mini rabin kunne. Zuwana na ƙarshe wurinki, kin yi mini magana na ce me kika ce. Kika sake, na sake tambaya. A na uku sai kika juya fuska bango, ba ki ƙara juyowa ba har na tafi. Abin nan yana nan tsaye a ƙirjina. Ke kin ɗauka harshenki ne, ni kuwa na san har da kunnena. Shi ya sa nake son babur marar ƙara, wanda ko raɗa kika yi a bayana zan ji, ba sai na sa ki maimaita ba.

Yanzu ga maganar da na yi ta kewaye-kewaye ban faɗa ba. Auta ta kira ni shekaranjiya. Ta ce an yi wa maigidanta canjin wurin aiki zuwa can nesa, tafiyar yini guda, kuma ƙarshen wata za su tashi. Ta ce ta tambaye ki, kin nuna da su za ki tafi. Ta ce likita ya daɗe da cewa za ki iya komawa gida, ƙafa ta yi ƙwari, da sanda kina zagaya tsakar gida, ke ce dai kika ƙi. Wai ba kya son ki zame mini kaya. Ta kuma ce hannun dama yana nan a dunƙule, ƙwallon robar da mai gashin ƙashi ta ba ki don ki riƙa motsa yatsu kin cilla ta ƙarƙashin gado.

Na ajiye wayar na zauna a baranda har shayina ya huce. Kaya, Birki? Ni da na tura babur da kwando a tudun dam ina waƙa? Ban ga laifin Auta ba, 'yar albarka ce, ta yi abin da ba kowane ɗa zai yi ba. Amma na san in kika shiga motar nan kika bi su, shi ke nan, sai dai ziyara daga shekara sai shekara, ki zauna a ɗakin baƙi ni in zauna da Tela. Ba na so. Ban iya faɗin irin wannan da baki ba, kin sani, to ga shi a rubuce: ba na so ki tafi, gidan nan ya yi mini yawa.

Na ce wa Zuma ya riƙe mini baƙin zuwa mako mai zuwa. Zan sa a ƙera masa abin jingina mai hannuwa a baya, yadda ko kin saki ƙarfe ba inda za ki. Ki ba ni amsa ko ta bakin Auta ce.

Ki huta lafiya. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Mijinki,
Totur


Zuwa ga Birki,

Bayan sallama da tambayar lafiyarki da ta duk wanda ke tare da ke, ina sanar da ke saƙonki ya iso. Direba ya miƙo mini ambulan, na buɗe tun a tasha. Gefen takardata ta farko kika yaga kika rubuta a bayansa, da hagu, haruffan suna hawa suna sauka kamar hanyar dam. Kalma uku: Sayi mai ƙara.

Wallahi da farko raina ɓaci ya yi. Na ce wato na cika takarda da magiya, ita kuma ta ce in sayi mai ƙara, ma'ana sayi duk wanda ka ga dama, tun da ba hawa zan yi ba balle ka ji muryata. Haka na fassara. Na dawo gida ko shukokinki ban ba ruwa ba ranar.

Tela ya shigo ya same ni na haɗe rai. Na nuna masa. Ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, “Malam, wanda ba ya so ba ya wahalar da hagunsa. Da shiru za ta yi maka.” Ya ce mu je shagon ya hau bayana mu gwada duka biyun, tun da nauyinku kusan ɗaya ne. Kada ki gaya masa na faɗa, amma ya fi ki da buhu guda.

Muka fara da baƙin. Tun kafin mu fita layin Tela ya buɗe baki. Tsadar zare, ciwon bayansa, surukinsa da ba ya gaishe shi. Ga hular kwano a kaina, ga iska, ga kunnen da kika sani. Ina jin ana magana amma ban san me ake cewa ba. Na yi ta juya kai ina cewa, “Na'am? Me ka ce?” In kuma ya yi shiru sai shirun ya yi nauyi, in ga kamar dole wani ya ce wani abu. Na hango ki a wurin Tela, babur shiru, ni ina kasa kunne ina jira, ke kina ta kokawa da harshe, ni ina cewa me kika ce. Ashe ɗakin jinyarki na gidan Auta na so in ɗora a kan taya biyu.

Muka koma muka ɗauki ruwan tokan. Yana tashi Tela ya yi ƙoƙarin ci gaba da labarin surukinsa, ya ga ko shi ba ya jin kansa, ya haƙura. Muka miƙe titi ba mai cewa uffan, kuma babu wanda ya ji an yi shiru. Da na ɗan murɗa totur a miƙaƙƙiyar hanya, sai na ji dundu a bayana. Ba wanda ya koya masa, tsoro ne ya koya masa. Na rage wuta, na gangara gefen titi na tsaya, na cire hula. Ya ce lafiya idanuna suka yi ja? Na ce iska ce.

Na gane, Birki. A kan babur ba a taɓa jin ki da kunne ba. Can ba ki da nauyin harshe, ni ma ba ni da nauyin kunne. Ni da na zauna da dokar nan shekaru, sai da kika tuna mini da hagu.

Na sayi mai ƙarar. Yana wurin mai walda ana sa masa abin jingina da hannuwa, an kuma faɗaɗa matakin ƙafar dama. Na sayo hula biyu, taki fara. Na fara zuwa aiki da shi kafin a kai shi walda, ya haye tudunmu a giya ta uku ko tari bai yi ba, har na ji kamar na ci amanar Ɗan Akuya. Manaja ya daina duban agogo, yanzu babur yake dubawa.

Ranar Asabar ina nan tafe da hantsi. Na yi magana da mai gashin ƙashi ta waya, ta ce in dai a hankali ne kuma akwai abin jingina, ba laifi. Ban ce ki biyo ni gida ba. Zagaye ɗaya kawai nake roƙo, mu kai babban titi mu dawo. Dokarki tana nan, in kin ƙwanƙwasa biyu zan tsaya, in juyo da ke har ƙofar Auta, ba zan ce komai ba.

Sai na zo. Ki gaida kowa.

Naki,
Totur


Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yaran. Yaya haɗa kaya, yaya gajiya? Mu nan lafiya lau muka kwana, mamanki ta yi barci har rana ta fito, abin da kika ce ta daɗe ba ta yi ba.

Faɗan da kika yi mini a waya jiya na karɓa, kina da gaskiya. Na ce zagaye ɗaya, kika tsaya a ƙofa da yaro a hannu kina jira, sai kira kika samu cewa muna gida. Kina kuka kina faɗa, ni kuma kunnena kin san shi, ban samu na yi miki bayani ba. To ga shi a rubuce, ki karanta in kin huce.

Kin ga yadda muka ɗora ta, ke da maigidanki kuna riƙe da ita, tana harararmu duka. Kin ga jakar hannun da ta ƙi saki. Abin da ba ki sani ba, magungunanta duka suna ciki, da tabarau, da wasiƙuna. Ni ma sai da muka iso na gani. Don haka in ana neman wanda ya shirya sata, a fara tambayar wadda aka sace.

Akwai wata doka tsakanina da ita tun kafin a haife ki. A kan babur ba ma magana da baki. Ta ƙwanƙwasa bayana sau ɗaya, in rage wuta, sau biyu in tsaya. In ta shimfiɗa tafin hannu, wato ci gaba. Da hannun dama take yi, shi ne kuma wanda ya dunƙule. Tun ina hanyar zuwa nake wannan tunani, cewa hannun da ya dunƙule ƙwanƙwasa kawai zai iya, rage wuta da tsaya. Na riga na sa wa raina haƙuri.

Muka fita layinku a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Ba mu kai gidan mai ba na ji ƙwas a bayana. Ɗaya. Rauni gare shi, amma nata ne, a daidai inda ta saba. Auta, tafiyar da ko mai keke zai wuce mu, amma wai in rage wuta! Na yi dariya a cikin hula har gilashin ya yi hazo.

Muka iso mahaɗar babban titi. Kin san wurin, in an zagaya shataletale a dawo gidanku, in an miƙe kuma hanyar gida ce. Na kunna sigina zan zagaya kamar yadda na yi alkawari, na rage wuta har na sa ƙafa a ƙasa, ina jiran mota ta wuce. Sai na ji tana motsi a bayana. Na duba madubi. Ta saki ƙarfen da ta riƙe da hagu, ta kamo hannun daman ta ɗora a cinyarta, tana ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe wannan, wancan ya koma. Ta cije leɓe ta sake. Mota ta wuce, wata ta wuce, na bayanmu yana ta danna hon, ni kuwa ko gezau. Can sai na ji shi a tsakiyar bayana, a shimfiɗe, ta danne shi da hagu don kada ya rufe. Ɗuminsa ya ratsa rigata.

Na kashe sigina na miƙe. Ke ma da ke ce a gaba abin da za ki yi ke nan.

Mun tsaya a hanya ta huta, ta sha ruwa, na duba ta ko'ina, lafiya lau. Da muka zo gangaren nan na kusa da gari, iska tana kaɗawa, babur yana gurnani, sai na ji ta ƙwalla murya. Tun da ta kwanta ban ji ta ɗaga murya ba sai ranar. Ƙarar inji ta haɗiye rabin maganar, ban san ko “takalmina” ta ce ko “taka mana” ba. Wata rana ki tambaye ta labarin, za ta ba ki da kanta. Wannan karon dai na yi hankali, na leƙa ƙasa dama da hagu. Takalma biyu suna nan a ƙafarta. Sai na taka. Kaɗan fa, kada hankalinki ya tashi, don ko ƙiftawa ban yi ba na ji ƙwas a bayana.

Yanzu haka tana baranda a kujerarta, ta kori Tela daga kai da sandarta, tana nuna mini shukokin da na kusa kashewa. Ta ga tukunyar da na ƙona, wannan kam ba sai ta yi magana ba. Da safe ta ce wani abu ban ji ba, na ce me kika ce. Ba ta juya bango ba. Ta ja kunnena ta maimaita a ciki.

Abin da ta ce shi ne saƙon da zan ba ki. Kayanta ki haɗo a hankali ki ba direba, ba gaggawa. Amma ki durƙusa ki leƙa ƙarƙashin gadon da take kwana, can wajen bango, akwai ƙwallon roba. Ta ce ita za ki fara aikowa, gobe in da hali, don ranar Asabar za mu dam kuma ba ta son ta riƙa danne hannun da hagu.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki yadda kika yi mata. Ku biyo ta nan kafin ku tashi, ku zo da yaran su ga babur.

Mahaifinki